Doki da Babur a Ƙasar Gure: Tarihin Riƙon Suna da Alfaharin Mallaka a Gamu da Kewayenta

Gabatarwa

Masana harkar ciniki a Turai da Amurka sun daɗe suna nazarin wani hali na masu babur, wato yadda mutum zai riƙe sunan kamfani guda tun yana saurayi har ya tsufa, ya ƙi hawan wani iri ko da ya fi nasa araha da ƙarko, ya kuma ɗauki babur ɗinsa tamkar wani sashe na mutuncinsa. Misalin da suka fi kawowa shi ne na masu Harley-Davidson. A cikin wannan nazari muna so mu kawo tambayar gida, mu duba ta a Gamu, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin karkara na gundumar Gure a jahar Damagaram, tare da garuruwa da kasuwannin da take hulɗa da su a Nijar da Nijeriya.

Za mu raba abu biyu da aka saba haɗawa. Na farko shi ne riƙon suna, wato mutum ya tsaya kan iri guda, in ya sayar da tsohon ya sake sayen irinsa. Na biyu shi ne alfaharin mallaka, wato jin daɗi da girman da mutum ke samu don abin hawan da ke ƙofar gidansa nasa ne. Ra'ayinmu shi ne cewa a Amurka kamfani ne ya rena waɗannan abubuwa biyu tare, ya mai da su haja. A ƙasar Gure kuwa kowane da nasa tarihi: alfaharin ya girmi babur, daga doki aka gaje shi, shi kuwa riƙon suna canjin kuɗi da hanyar kayan gyara da hannun makanike ne suke ɗaura shi, su ne kuma suke kwance shi. A Nijar ana cewa moto, ana cewa mashin, ana kuma cewa babur. Kalmar ƙarshe za mu yi amfani da ita.

1. Yadda aka gina riƙon suna a Amurka

An kafa kamfanin Harley-Davidson a birnin Milwoki a shekarar 1903. Irin babur ɗin da ya yi suna da shi Amurkawa na kiran sa kuruza, mu kuwa za mu kira shi babur ɗin kilisa: sirdinsa ƙasa-ƙasa, ƙahonsa mai faɗi kuma a ɗage, mahayi ya miƙe ƙafafu gaba ya jingina baya, injinsa mai tukunya biyu ya wuce sau goma na irin da muka saba gani a ƙauyukanmu. An yi shi ne domin doguwar kwalta da tafiyar nishaɗi. A lokacin yaƙin duniya na biyu kamfanin ya ƙera wa soja babura kimanin dubu 90, sojojin da suka dawo gida suka ci gaba da hawan irin da suka sani. Da babban abokin gasarsa, kamfanin Indian, ya rufe a 1953, sai fili ya zama nasa.

Wannan sarauta ba ta daɗe ba. Honda ya buɗe reshe a Amurka a 1959, sauran kamfanonin Japan suka biyo baya da babura masu araha waɗanda ba su yoyon mai. A 1969 wani kamfani mai suna AMF ya saye Harley, aka ƙara yawan ƙira, inganci ya faɗi. A 1981 manyan ma'aikata 13 suka fanshi kamfanin. A 1983 abu biyu suka faru. Shugaba Ronald Reagan ya ɗora haraji mai nauyi kan manyan baburan Japan da injinsu ya wuce sese 700, kamfanin kuma ya kafa ƙungiyar masu babur ɗinsa, wadda aka sani da HOG. Duk wanda ya sayi sabo ana sa shi cikin ƙungiya, dillalai na shirya hawa da taruka, ana sayar da riguna da huluna masu tambarin kamfani. Har a 1994 kamfanin ya nemi a yi masa rajistar ƙarar injinsa a matsayin tambari, kafin ya janye neman a 2000. Akwai mahaya da ke zana sunan kamfanin a fatar jikinsu.

Abin lura shi ne, riƙon sunan ya yi ƙarfi ne daidai lokacin da babur ɗin ya kasa yin gasa ta fuskar farashi da ƙarko. Da kamfani ya ga haka sai ya koma sayar da zumunci da kishin ƙasa da tunanin ƴanci, ga mutanen da galibinsu suna da mota a gida, babur abin hawan ranar hutu ne gare su. Wannan shi ne ma'aunin da za mu gwada namu da shi.

2. Gamu da gadon doki

Gamu tana arewa da hanyar kwalta ta ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi ta Damagaram da Gidigir da Gure ta nufi Diffa. Ƙasa ce ta rairayi da duwatsu, ta noman hatsi da wake da kiwo, inda Barebari da Hausawa da Filani da Buzaye da Tubawa ke haɗuwa a kasuwa. Daga ƙauye zuwa ƙauye hanyar yashi ce. Saboda haka tun fil azal darajar abin hawa a wannan yanki tana ga iya ratsa rairayi.

Kafin zuwan Turawa, raƙumi da jaki da takarkari su ne masu ɗaukar kaya, doki kuwa na mulki ne da yaƙi. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka Gure a watan Disamba na 1852, ya tarar da fadar Muniyoma Koso, wanda ƙarfinsa ya dogara ga mahaya. A Damagaram, Sarki Tanimu, wanda ya yi mulkinsa na biyu daga 1851 zuwa 1884, ya gina ganuwa, ya sa aka ƙera igwa, ya tara barade masu lifidi da sulke. Faransawa sun karya wannan ƙarfi a Tirmini a ƙarshen watan Yuli na 1899, amma ba su raba sarakuna da doki ba. Har bayan samun mulkin kai a 1960, sarkin kanto da mai gari da attajiri ana gane su ne da abin da ke ɗaure a turkensu.

Harshe ma shaida ne. Bahaushe yana da suna ga kowane launin doki: akawal, kili, danda, gunya, bidi, hurde. Yana bambanta ingarma da ƙuru, yana bambanta ɗan Azbin da ɗan Manga. Ke nan tun kafin a san sunan wani kamfani, mutane sun saba da gardama kan wane iri ya fi wane. Da ƙarfe ya zo sai aka ɗora masa kalmomin dabba. An kira keke dokin ƙarfe. Wurin zama sirdi ne, abin riƙo ƙaho ne, taya ƙafa ce, wanda aka ɗauka a baya goyo ne, kuma hawa ake yi kamar yadda ake hawan doki.

Abin da ya raunana doki a gidan talaka shi ne ciyarwa. Doki na cin hatsi da harawa ko ya yi aiki ko bai yi ba. Farin 1973 zuwa 1974, da na 1984 zuwa 1985, sun kashe dabbobi masu yawa a ƙasar Gure kamar sauran Sahel, kuma magidancin da ke auna wa iyalinsa tiya ba ya iya ware wa doki rabonsa. Babur kuwa sai ya motsa yake sha. Doki ya tsira a fada da hawan salla da sukuwa, amma turken gidaje da yawa ya zama wofi, kuma wannan gurbi ne babur ya zo ya cika.

3. Daga mobilet zuwa baburan Japan

Injin ya fara ratsa wannan ƙasa ne a hannun baƙi. Ayarin motocin Citroën ya bi ta Damagaram zuwa tafkin Cadi a ƙarshen 1924. A 1935 wasu mata biyu ƴan Ingila, Theresa Wallach da Florence Blenkiron, sun ƙetare Sahara kan babur samfurin Panther, suka bi ta Agadas zuwa Kano a hanyarsu ta zuwa Afirka ta Kudu. Waɗannan abin kallo ne kawai, ba su bar kome a hannun ƴan ƙasa ba.

Abin hawa mai inji na farko da ɗan ƙasa ya saba da shi a yankin Faransa shi ne mobilet, wadda kamfanin Motobécane ya fito da ita a 1949, sai kuma ƴan ƙananan Peugeot. Mushen lakwal da malamin asibiti da akawu su ne masu ita, domin su ke da albashi. Sai dai mobilet ƴar birni ce. Ƙafarta siririya, ƙarfinta kaɗan, in ta shiga rairayi sai mai ita ya sauka ya tura. Don haka ta yi tashe a Yamai da Maraɗi da Damagaram, amma ba ta kori doki da raƙumi daga ƙauyukan arewacin Gure ba.

Shekarun 1970 su suka buɗe ƙofa ta fuska uku. A Nijar kuɗin yuraniyom sun shigo bayan fara haƙa a Arlit a 1971, aka ƙara ɗaukar ma'aikata. An shimfiɗa kwalta daga Gure zuwa Ngigmi da taimakon Kanada, hanyar da aka raɗa wa suna hanyar haɗin kai. A Nijeriya kuma kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji, wanda aka biya a farkon 1975, sun sa ƙananan ma'aikata suka ruga sayen babura. Honda da Yamaha da Suzuki da Vespa suka cika Kano, daga nan suka riƙa tsallako iyaka. A 1979 Honda ya kafa kamfanin haɗa babura a Ota, kusa da Legas.

Akwai wani samfuri da ya kamata mu tsaya a kansa, wato Honda CG 125, wanda ya fito a 1975. Injiniyoyin kamfanin sun lura cewa a ƙasashe masu tasowa ana labta wa babur kaya, ana jinkirin juye baƙin mai, ana tafiya cikin ƙura. Sai suka ƙera inji mai sauƙin sarrafawa wanda zai jure wannan riƙo. Za mu sake gamuwa da wannan inji a gaba, ƙarƙashin wasu sunaye.

A karkara kuwa, wanda ya fara nuna wa manomi cewa babur na iya cin rairayi shi ne ma'aikacin gona da na dabbobi da na gandun daji, waɗanda ayyukan raya karkara suka ba baburan daji masu dogayen ƙafafu, galibi na Yamaha. A daidai wannan zamani tseren Paris zuwa Dakar ya fara bi ta Nijar. A karo na farko, a 1979, Cyril Neveu ya yi nasara kan Yamaha XT 500, kuma a 1983 kamfanin ya fito da samfurin da ya raɗa wa sunan hamadarmu, Tenere. Sunan ƙasarmu ya sayar wa Turawa babura masu yawa a lokacin da ƙalilan daga cikin ƴan ƙasar ke iya sayen ko da ƙarami.

A wannan zamani riƙon suna ya yi kama da na Turai ta wata fuska. Babur tsada gare shi, sau ɗaya ake saye a shekaru masu yawa, mai Honda na yi wa mai Suzuki ba'a, mai Vespa na ganin kansa ɗan gaye. Sunan Japan ya zama ma'aunin nagarta, har yau kuwa dattawa da shi suke auna na yanzu.

4. Canjin kuɗi da zuwan baburan Sin da Indiya

Abin da ya rushe wancan tsari kuɗi ne. Kasuwar yuraniyom ta faɗi a farkon shekarun 1980. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga 1984 zuwa 1986, kuma a wannan lokaci ne sana'ar kabu-kabu ta yi ƙarfi a garuruwan iyaka irin su Birnin Ƙonni, domin babur na bin ɓarauniyar hanya inda mota ba ta bi. Daga 1986 darajar naira ta soma zubewa. Sai kuma a watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi: tamma ɗaya ta Faransa da ake canzawa sefa 50 ta koma 100. Sabon babur na Japan ya fi ƙarfin ma'aikaci, balle a shekarun da albashi ke yin watanni bai fito ba. Kamfanin mobilet shi ma ya riga ya karye tun 1981, daga baya Yamaha ya mallake shi.

Mutane suka koma ga na hannu da gyaran tsoho, har lokacin da kayan Sin suka iso. Masana'antun Sin sun koyi ƙira ne daga na Japan: Jialing na birnin Congcin ya yi aiki da Honda, Jincheng na Nanjin da Haojue na lardin Guwangdong suka yi aiki da Suzuki. Da manyan biranen Sin suka fara hana babur a titunansu, kamar yadda Guwangzu ta yi a 2007, sai masana'antun suka ƙara mai da hankali ga kasuwar waje. Ƴan kasuwar Nnewi da Legas da Kano suka riƙa shigo da babura a kwance cikin kwali, a haɗa su a kasuwa. Farashi ya sauko ƙwarai, har manomin da ya yi sa'ar wake ko ya sayar da sa guda ko biyu ya iya yin ciniki.

Jincheng, wanda aka kwaikwayo daga Suzuki AX 100, shi ya fara mamaye arewacin Nijeriya. Injinsa na ƙona baƙin mai tare da isansi, shi ya sa yake hayaƙi. Bayansa aka ga Lifan da Haojue da Kasea da sauran sunaye masu yawa. Daga Indiya kuma Boxer na kamfanin Bajaj da baburan TVS suka shigo, suka samu karɓuwa wurin ƴan kabu-kabu saboda ƙarancin shan mai da dogon sirdi mai ɗaukar mutum da buhu.

A nan ne siffar babur ɗin kilisa ta iso gare mu, ta wata doguwar hanya. A 1982 Suzuki ya fito da GN 125, ƙaramin babur da aka yi wa fasalin manyan na Amurka: tanki mai kama da ɗigon ruwa, ƙaho a ɗage, sirdi mai hawa biyu, ƙarfe mai ƙyalli. Masana'antun Sin sun ci gaba da ƙera shi da ire-irensa, ya bazu a Afirka ta Yamma. Saurayin da ke zaune a kansa a kasuwar Gidigir ya gaji fasalin Milwoki ta hannun Japan da Sin, ko da bai taɓa jin sunan Harley ba.

5. Abin da ke ɗaure mutum ga suna

Idan muka duba jerin da ya gabata, mobilet, Honda, Jincheng, Kasea, Boxer, za mu ga cewa cikin shekaru kamar hamsin sunan da ke tashe ya sauya sau da yawa. Duk da haka a kowane lokaci za ka tarar yanki guda ya raja'a kan iri ɗaya ko biyu, mahaya na kare nasu da zafi a fada da bakin tasha, inda dokin mai baki ya fi gudu. Muna ganin dalilai huɗu ne ke haifar da haka.

Na farko shi ne kayan gyara. Rairayi na cin sarƙa da haƙoranta, ƙura na toshe matatar iska ta cinye zoben fistin, ƙaya na huda taya. Mutumin Gamu da babur ɗinsa ya tsaya ba ya iya jiran a yi masa odar kaya daga Yamai. Abin da ke cikin akwatin mai kayan gyara ranar kasuwa shi ne abin da zai samu, kuma wannan akwati daga kudu ake cika shi. Dabbobin ƙasar Gure na gangarawa kasuwannin iyaka irin su Maigatari, wadda ke ci ranar Alhamis, kuɗin kuma su dawo a matsayin kaya daga Kano. Irin da Kano ta karɓa shi Gamu za ta hau. Kalmomin gareji ma sun nuna haka: ana jin buji da isansi daga Faransanci, amma birki da giya da taya da fulogi da faci ta Nijeriya suka shigo.

Na biyu shi ne makanike. A fada shamaki ne ke kula da barga, shi ya san lafiyar kowane doki. A ƙauyen yau makanike ne ke riƙe da wannan matsayi. Ya koyi aiki ne a hannun maigidansa kan inji iri guda, shi ma haka zai koya wa yaransa. Mai son saye yakan tafi da shi kasuwa, ya saurari ƙarar inji, ya ce a saya ko a bari. Da wuya ya ba da shawarar irin da bai iya kwancewa ba.

Na uku shi ne sayarwa. A karkara babur ajiya ce kamar rago ko saniya. Ana sayen sa da kaka, ko bayan dawowa daga cin rani a Nijeriya ko Libiya, ko daga haƙar zinariya irin ta Jado da ta ja samari daga 2014 har aka rufe wurin a 2017. In damina ta ƙi, ko rashin lafiya ta zo, shi za a fara kai wa dillali. Irin da kowa ya sani shi ke saurin fita ba tare da faɗuwa mai yawa ba. Wanda ya sayi baƙon iri ya ɗaure kuɗinsa.

Na huɗu shi ne mai. Shekara da shekaru yankin Damagaram na shan man Nijeriya mai rangwame, wanda ake sayarwa cikin kwalabe a bakin hanya, sana'ar da aka sani da ruwa-ruwa. Buɗe matatar SORAZ a arewacin Damagaram a watan Nuwamba na 2011, mai iya tace ganga dubu 20 a rana, bai kashe wannan sana'a ba, domin na kwalba ya ci gaba da fin na gidan mai araha. Da Nijeriya ta janye rangwamen a ƙarshen watan Mayu na 2023 lissafin ya juye, har aka yi ƙarancin mai a Nijar a watan Maris na 2025. Duk lokacin da lita ta hau, irin da ke shan kaɗan shi ke ƙara samun masoya.

Akwai kuma wani abu da ya kamata a sani. Da yawa daga cikin sunayen da ke jikin tanki na ɗan kasuwar da ya yi oda ne, masana'anta guda na iya buga sunaye daban-daban kan babur iri ɗaya, kuma injin da ke ƙarƙashi sau da yawa jikan CG 125 ne. Mutum biyu na iya yin musu kan suna alhali fistin ɗin ɗaya zai shiga injin ɗayan. Makanike ya san haka. Abin da jama'a ke riƙe da shi a zahiri shi ne fasalin injin da garinsu ya iya rayarwa, suna kuwa alama ce ta gane shi.

6. Alfaharin mallaka

Shi alfahari bai sauya da sauyin suna ba. Sabon babur yakan yi watanni da ledarsa ba a ɓare ba, don kowa ya san daga kwali ya fito. Ana yi wa sirdi riga, ana rataya tuntu a ƙaho, ana ƙara madubi da fitila, ana manna hotuna da rubutun addu'a ko habaici, wani ya ɗaura laya a inda ido ba ya gani. Duk wanda ya san adon doki, da jalala da kayan kai da aikin dukawan Damagaram, zai gane inda aka samo wannan ɗabi'a. Ana wanke shi, ana shigar da shi zaure ko ɗaki da dare. Ranar ɗaurin aure abokan ango na yin jerin gwano da wasa da babura kamar yadda kakanninsu ke sukuwa, abin da kan jawo haɗari da faɗan manya.

Girman mai babur a ƙauye yana kuma tafe da nauyi. Shi za a tayar da tsakar dare in naƙuda ta yi tsanani a kai mace asibiti, shi za a aika da saƙon rasuwa, shi zai kai dattijo ta'aziyya. Wanda ya hana ana faɗinsa, wanda ya bayar ana yaba masa. Ta nan ya bambanta da mai Harley, wanda babur ɗinsa alamar keɓewa ce daga nauyin yau da kullum. Namu yana ƙara shigar da mai shi cikin hidimar dangi da maƙwabta.

Sai dai ba duk wanda ke kan babur ne mai shi ba. Ƴan kabu-kabu da yawa na maigida suke ja, su kawo balas kowace rana, ko kuma a yi yarjejeniya su biya kaɗan-kaɗan, da ƙari mai nauyi kan farashin kasuwa, har ya zama nasu. Hausawa na cewa kayan aro ba ya rufe katara. Ranar da yaro ya gama biya aka miƙa masa rasit, ranar ce ya shiga sahun masu abin kansu, kuma sau da yawa daga nan maganar aure ke tasowa. In aka sace babur ko ya yi haɗari kafin wannan rana, bashi ya rage a wuyansa. Takardu ma wani mataki ne: babura da yawa a karkara rasit kawai gare su, ba su bi ta duwan ba, don haka mai su na alfahari a ƙauye amma yana fargabar shingen jandarma a kan kwalta.

7. Lokacin da hukuma ta hana hawa

Sauƙin da ya sa babur ya dace da manomi shi ya sa ya dace da ɗan bindiga. An hana babura a Maiduguri a watan Yuli na 2011. A Kano an hana ɗaukar fasinja a kansu a watan Janairu na 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero. A watan Fabrairu na 2015, bayan hare-haren Boko Haram a Boso da Diffa, gwamnatin Nijar ta kafa dokar ta-ɓaci a jahar Diffa, maƙwabciyar gundumar Gure ta gabas, aka hana zirga-zirgar babura tare da cinikin tattasai da kifi. Daga farkon Janairu na 2020 aka ɗauki irin wannan mataki a sassan jahar Tillaberi.

Dalilin tsaro a bayyane yake, kuma ba mu raina shi ba. Amma abin da muka bayyana a sama ya nuna girman abin da irin wannan doka ke taɓawa. Tana tsayar da sana'ar mahayi da makanike da mai faci da mai kwalba a rana ɗaya. Tana karya farashin ajiyar da magidanci ya tanada don baƙar rana. Tana nisanta ƙauye da asibiti da kasuwa. Tana kuma sauke saurayi daga matsayin da ya yi shekara yana biya kafin ya hau, a yankin da masu ɗaukar makami ke neman irin waɗannan samari, wani lokaci ma da alkawarin babur suke jan su.

Kammalawa

Mun ga cewa a Amurka kamfani ya mai da riƙon suna da alfahari haja guda, ya sayar wa masu hali. A Gamu da ƙasar Gure alfaharin tsoho ne, ya sauka daga bayan doki ya hau ƙarfe lokacin da fari ya sa ciyar da doki ya gagara, kuma yana tafe da hidimar jama'a. Riƙon suna kuwa ya bi darajar sefa da naira, ya bi hanyar Kano da Maigatari, ya bi abin da makanike ya iya, shi ya sa yake da ƙarfi a kowane zamani amma yake sauya ubangida daga zamani zuwa zamani.

Daga nan muna jawo hankali kan abu biyu. Ga masu nazarin tarihi, tsofaffin makanikai da dillalan babura na Gure da Gidigir da Damagaram taska ce ta tarihin tattalin arzikin karkara na rabin ƙarni, ya kamata ɗalibanmu su ɗauki bayanansu da Hausa da Barbarci tun suna raye, a kuma tattara kalmomin sana'ar. Ga mahukunta kuma, duk dokar da za ta shafi babur, ta haraji ce ko ta takardu ko ta tsaro, ya dace a auna ta da sanin cewa a ƙauye irin na Gamu wannan ƙarfe shi ne jari da ajiya da motar asibiti, kuma da shi ake auna matsayin saurayi a tsakanin tsaransa.